Tumfafiya ko kariya: wacce ke jawo malam-buɗe-littafi?

Hajiya daga Tumfure ta tambaya: tana da ɗan fili a bayan gida, tana son furen da ba ya mutuwa da rani, wanda zai riƙa kawo malam-buɗe-littafi da ƙudan zuma. Kariya za ta shuka ko tumfafiya?

Hajiya, in don kyau ne, ba a ma haɗa su. Kariya da rani take nuna kanta: ta zubar da ganye, ta bar kututturen nan mai ƙaton gindi, furanni ja-ja su lulluɓe ta. Tukunya ma ta ishe ta. Yawan ruwa ne kawai maƙiyinta, yana ruɓar da gindin. Sai dai furenta zurfi gare shi kamar mazurari, kuma ni dai a gidana ban cika ganin ƙwari suna rububinsa ba.

Tumfafiya kuwa an raina ta saboda a kufai da bakin bola take fitowa. To amma ki je ki ɗaga ganyenta ki duba ƙasansa. Za ki tarar da wata tsutsa mai zanen baƙi da fari da rawaya tana ci. Ita ce ke rikiɗa ta zama malam-buɗe-littafin nan mai ruwan goro, mai baƙin bakin fiffike da ɗigon fari. A jikin ganyen uwar ke saka ƙwai, dafin da tsutsar ta ci kuma shi ke sa tsuntsaye su ƙyale ta ko bayan ta yi fiffike. Ga kuma baƙin ƙwaron nan mai gurnani, mai huda katako, ba ya rabuwa da furenta. Don haka in kin ga ganye ya yi huji-huji, kar ki ɗauko maganin feshi, abin da kike nema ne ya zo.

Matsalar tumfafiya girma ce: tana kai mita 3 zuwa 4, saiwarta na nutsewa ƙasa sosai, ba ta son dashe. Ki shuka iri a inda za ta zauna, ki riƙa tsinke ƙwallayen kafin su fashe, in ba haka ba iska ta raba wa maƙwabta irin.

Dukansu biyu ruwan jikinsu dafi ne. Na tumfafiya, fari kamar nono, yana illata ido (ko da yake da shi ake daskarar da madara a yi cuku), na kariya kuwa har kibiya ake shafa wa. Da jikoki a gida, ki kange wurin.

Ni da ni ce, kariya a tukunya a ƙofar falo, tumfafiya guda biyu can jikin katangar baya.