Gyara ko Sauyi: Na'urorin Gem a Shagon Ƙanina

A shagon ƙanina, a wani ƙauye kusa da Ringim, akwai na'urorin gem PlayStation 2 (PS2) guda uku da yara ke biya su buga wasa, biyu sun daina karanta faifai. Ƙurar hunturu ce ta cinye idonsu, wato ɗan gilashin da ke karanta faifan. Ya ce min, "Yaya, in sayar in haɗa kuɗi in sayi PS4, ko in kai su gyara?"

Sabuwar, wato PlayStation 4 (PS4), tana da daɗin gani, ba musu. Samari suna son 'yan ƙwallon da suke kallo yau, ita kuwa PS2 tun wasan kakar 2014 ba a sake fitar mata da na ƙwallo ba. Sai dai PS4 tana buƙatar talabijin na zamani mai ramin jona waya na HDMI, tana jan wuta fiye da tsohuwar, ga janareta da tsadar fetur. Hannunta ɗaya, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasan, in ya lalace, cinikin kwanaki ya tafi.

Ni zuciyata tana wajen gyara. Tun 2000 na'urar ta fito, Sony ta daina ƙera ta shekaru da dama, duk wadda aka jefar ba ta dawowa. Kuma mutuwar ido ba mutuwar na'ura ba ce: masu gyara a Sabon Gari suna sauya shi, ko su sa wasanni su tashi daga filashi, a huta da faifai gaba ɗaya. Na ga yaro ya kwance ƙullin canjin da ya tara, hannunsa na rawa, don ya buga wasa ɗaya. In kuɗin wasa ya tashi, irinsa sai leƙe ta taga.

Na ce ya gyara biyun, ya ɗinka musu murfin yadi saboda ƙura, PS4 ta jira kaka.