Sharhi kan openpyxl: fitar da lissafin bashin manoma zuwa Excel

Ni ke riƙe da lissafin wani shagon taki da maganin feshi a nan Katsina, wajen Ƙofar Marusa. Manomanmu na Batagarawa da Rimi da Kaita suna ɗaukar kaya bashi idan damina ta faɗi, su biya bayan kaka. Bayanansu duka suna cikin MySQL, wato rumbun ajiye bayanai na kwamfuta, amma mai shago takardar Excel yake so duk ranar Alhamis, ya ga wa ya biya, wa ake bi. Na rubuta kod da Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, na haɗa da openpyxl, wani kayan aikinsa mai rubutawa da karanta fayilolin Excel, na yi aiki da shi tun shuka har girbi. Hukuncina shi ne ya biya buƙata, ko da yake yana da wuraren da zai gajiyar da kai.

Kafin nan, CSV, wato fayil na rubutu zalla da ake raba bayanai da waƙafi, muke saukewa daga phpMyAdmin, manhajar da ake shiga MySQL da ita, mu buɗe a Excel. Duk wanda ya bi wannan hanya ya san ɓarnar da take yi. Lambar wayar manomi mai alƙaluma 11 da ta fara da 0803 sai ta koma 803, domin Excel ya ɗauke ta adadi ne, ya jefar da sifilin farko. Haka lambar asusun banki mai alƙaluma 10 idan ta fara da sifili. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne sunaye. Idan fayil ɗin yana tsarin haruffa na UTF-8 ne kuma babu BOM a kansa, wato alamar da ke gaya wa Excel tsarin da aka bi, Excel yakan karanta shi da tsohon tsarin haruffan Windows, sai Ɗanjuma ya fito a matsayin ÆŠanjuma. Mutum ne da sunansa, ya zo biyan kuɗi, kana laluben sa a takarda ba ka gan shi ba saboda ƙugiyar harafi ɗaya.

A nan openpyxl ya burge ni. Shi ba CSV yake rubutawa ba, fayil ɗin Excel na xlsx yake ginawa kai tsaye, kuma kai ne za ka gaya wa kowane akwati abin da zai ɗauka. Na aika lambobin waya a matsayin rubutu, na sa musu tsarin "@", sifili ya zauna daram. Kwanan wata na tura shi kwanan wata na gaske da tsarin dd/mm/yyyy, don kada 03/04 ya koma huɗu ga Maris irin na Amurka. Kuɗi kuwa suka fito da alamar ₦ da waƙafi bayan kowane alƙaluma uku. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, babu wanda ya lalace. Na kafe layin sama da freeze_panes don ya tsaya ko an gangara ƙasa, na ba kowace ƙaramar hukuma shafinta, duk wanda bashinsa ya wuce wa'adi layinsa ya yi ja. Ranar da Alhaji mai shago ya fara gani a wayarsa, cewa ya yi, "Malam, yanzu ka yi aiki. Jajayen nan su za mu fara kira." Na ce, "Ranka ya daɗe, lambobinsu ma suna nan cikakku."

To, ga inda yake da rauni. Ba ya lissafa fomula. Idan ka rubuta =SUM a ƙasan jerin bashi, fomular kawai yake ajiyewa, sai an buɗe fayil a Excel sannan amsa ta fito. Wasu manhajojin waya masu nuna fayil don leƙe kawai sukan bar wurin fayau ko su nuna sifili, kuma mu a nan ta WhatsApp ake tura komai. Abin da nake yi yanzu shi ne in haɗa jimlar a cikin Python in rubuta adadin da kansa. Sannan ba ya daidaita faɗin ginshiƙi. Dole ka auna tsawon rubutu mafi tsawo ka sa faɗin da hannunka, in ba haka ba kuɗi masu yawa su fito ####. XlsxWriter, wani kayan aikin Python irinsa, yana da autofit mai daidaita faɗin da kansa, amma shi rubutu kawai yake yi, ba ya buɗe fayil da ake da shi, ni kuwa wani lokaci ina karanto takardun da dillalanmu suka turo. Tsohon fayil ɗin Excel na xls ma openpyxl ba ya taɓa shi, sai ka juya shi zuwa xlsx tukuna. Sunan shafi kada ya wuce haruffa 31, wannan dokar Excel ce.

Kyauta ne, da pip, manhajar sauke kayan aikin Python, ake sauke shi, kuma bayan nan ba ya neman intanet, ko data ta ƙare aiki na tafiya. Idan sau ɗaya a shekara kake fitar da rahoto, gyara shi da hannu ya fi sauƙi. Amma makarantar da ke fitar da sakamakon ɗalibai duk zango, ko kemis, ko ƙungiyar adashi mai lissafin mako-mako, ina ba su shawara su nemi mai Python ya rubuta musu sau ɗaya, kuma kafin su biya shi su sa ya gwada da lambar waya mai sifili da suna mai ƙugiya a gabansu.