GARGAƊI ga masu PS4 a Katsina: wani mai sayar da akawun ya ci mani N157,500

Assalamu alaikum. Masu buga gem na Katsina da kewaye, da ku nake. Ban so yin wannan rubutu ba, wallahi ban so ba, don na san akwai waɗanda za su karanta su ƙyalƙyale da dariya su ce yau an yi wa mai wayo. To ku yi dariyarku. N157,500 wani yaro ya karɓe mani da sunan gem, kuma yanzu haka yana can yana talla a guruf-guruf na WhatsApp da sabuwar lamba. N157,500. Kuɗin da na tara a teburin gyaran waya, ba tsintarsu na yi a hanya ba.

Duk wanda ya san ni a wajen Ƙofar Ƙaura ya san ni ba sabon shiga ba ne a wannan harka. Tun zamanin PS2, wato na'urar gem ta PlayStation 2, nake riƙe da hannun buga gem. Ni ake kawo wa waya idan an yi wa mutum kutse a Facebook, ni nake ce wa mutane kada su ba kowa lambar da banki ya turo masu. Saboda haka wanda zai shigo ya ce mani "ai da ka bincika", ya fara karantawa har ƙarshe tukuna.

Ƙwallo ce ta ishe ni. Duk shagon da ka shiga a garin nan, ƙwallo ce, sai GTA, sai Mortal Kombat. Ni kuwa akwai wani gem na yaƙin jiragen sararin samaniya da ya daɗe a raina, Star Wars: Squadrons, wanda kamfanin EA ya fitar a watan Oktoba na 2020. Na nemi faifansa a nan ban samu ba, na ba mai zuwa Kano sautu, ya dawo ya ce ko sunan ba su sani ba. Kuma kun san halin da muke ciki: Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ke da shagon PlayStation, dole mutum ya buɗe akawun da adireshin Amurka ko Ingila, sannan ya nemi katin kuɗi na dala a hannun wani ya loda. Wannan ƙofar ce masu sayar da akawun suke shigowa ta cikinta. Ba ni kaɗai ke sayen akawun a Katsina ba, kowa ya sani, kada wani ya zo yana yi mani wa'azi.

A wani guruf na masu gem na gan shi. Ya ce yana da shago a Kano. Na yi mashi magana, ya ce akwai akawun mai ɗauke da gem ɗin, saye ne na har abada, N47,000. Ban tura ba. Ku ji da kyau, ban tura ba. Na ce sai mun yi kiran bidiyo. Ya ɗauka nan take, ya juya kyamara ya nuna mani kanta cike da kwalaye, hannuwa a rataye, talabijin a kunne. Yaro ne fari siriri, yana ta "Yaya" "Yaya", ko sau ɗaya bai kira sunana gatsau ba. Muna cikin magana aka kira la'asar, ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri in yi salla in dawo, kasuwa ba ta wuce salla ba." Kuma ya dawo ya kira ni da kanshi.

Ga inda abin yake ci mani rai. Na tura mashi N50,000, na ce ragowar ya sa data. Ko shayin da ke gabana ban shanye ba sai ga alat, N3,000 ta dawo. Ya biyo da saƙon murya, har yanzu yana cikin wayata: "Yaya, N47,000 muka yi da kai. Ni ba na cin abin da ba nawa ba, amana ta fi kuɗi." Don Allah ku gaya mani, wane ne zai ji wannan ya ce ɓarawo ne? Mutum ya mayar maka da N3,000 ba ka tambaye shi ba. Na nuna wa abokin aikina alat ɗin a lokacin, shi ma cewa ya yi irin waɗannan sun yi ƙaranci a zamanin nan. Shi ma yanzu yana cikin masu dariya.

Kuma akawun ɗin ya yi aiki, wannan shi ne abin. Ya ba ni adireshin imel da kalmar sirrin akawun ɗin, ya bi da ni mataki-mataki har na mai da PS4 ɗina firamare, wato babbar na'urar da aka yi wa rajista a kan akawun ɗin, na ƙona data mai yawa na sauke gem ɗin cikin dare. Ya ce kada in taɓa kalmar sirrin na ɗan lokaci, wai idan aka canza ta daga Najeriya da wuri za a rufe akawun ɗin. Dalili ne da ya shiga hankali, don mun sha ganin an rufe wa mutane akawun.

Wanda bai buga gem ɗin nan ba ba zai gane abin da ya sa na nace ba. Ba a nuna maka jirgin daga baya, a cikin kujerar matuƙi kake zaune, duk abin da kake buƙatar sani yana kan allunan da ke gabanka. Wutar jirgin ɗaya ce, kai za ka raba ta gida uku: inji, bindiga, garkuwa. Ka danna hagu ta tafi inji ka tsere, ka danna sama ta koma bindiga, dama kuma garkuwa. Wani ya biyo ka a baya, ƙararrawar makami mai linzami tana ƙara, sai ka zuba wa inji wuta, ka taka da ƙarfi, ka yanke, jirgin ya sulale yana juyawa har ka fuskanci mai bin ka, ka mayar da wutar kan bindiga kafin ya ankara. Ranar da na fara iya wannan juyin a cikin jirgin da ake kira X-wing sai da na yi ihu, maƙwabci ya leƙo ya ɗauka wani abu ne ya faru. Idan kuma ka koma jirgin ɗaya ɓangaren, TIE fighter, babu garkuwa ko kaɗan, gudu ne da dabara. Ana yin biyar da biyar ta intanet, akwai kuma babban yaƙin da sai kun tarwatsa matsakaitan jirage biyu kafin ku kai ga uwar jirgin abokan gaba. Da hannu ana bugawa, amma duk wanda ya kalli masu bugawa da sandar tuƙi ya san akwai bambanci.

To sandar ce ta kai ni ga N92,500. A'a, tsaya, kafin sandar akwai maganar kwaɗo.

Wata rana na dawo daga shago na kunna, sai ga hoton kwaɗon kulle a jikin gem ɗin, ya ƙi buɗewa. Na kira shi, ya ɗauka a bugun farko. Ya ce, "Subhanallahi Yaya, PlayStation Plus ɗin ne ya ƙare, dama ai sai da shi ake bugawa ta intanet." PlayStation Plus rajista ce ta kuɗi da ake sabuntawa a akawun, kuma gaskiya ne sai da shi ake buga irin wannan gem ɗin da mutane ta intanet, wannan kowa ya sani, shi ya sa maganar ba ta yi mani banbaraƙwai ba. N18,000 ya ce. Na tura, kafin isha'i kwaɗon ya tashi. Ka ga mutum ya sake cika alkawari.

Sai daga baya wani da ya fi ni daɗewa a PS4 ya warware mani. An ba masu PlayStation Plus wannan gem ɗin kyauta a watan Yuni na 2021. Gem ɗin da aka karɓa ta wannan hanya yana aiki ne muddin rajistar tana raye, tana ƙarewa ya kulle. Wanda aka saya da kuɗi ba ya kullewa don rajista ta ƙare, bugawa ta intanet ce kawai za ta tsaya. Ke nan tun ranar farko ƙarya ya yi mani. Abin da ya samu kyauta ya sayar mani N47,000 ya ce na har abada ne, sannan ya mayar mani da N3,000 yana maganar amana. Amana!

Sandar kuwa tun a kiran bidiyon farko na gan ta. Ko a na biyu ne? A na farko ne, don ina tuna kwalin yana bayan kafaɗarshi lokacin da aka kira salla. Thrustmaster T.Flight Hotas 4, wadda ke aiki da PS4, sanda a hannun dama, abin ƙara gudu a hannun hagu. Ni na tambaya, bai tallata mani ba, wannan ma yana cikin iya shegensa. Cewa ya yi wani ya riga ya ba da kafin alƙalami. Sai bayan maganar kwaɗo ya kira ya ce mutumin ya fasa, kuma ya ga babu wanda ya cancanta sai ni. N92,500. Ya turo bidiyo yana buɗe kwalin, ya rubuta sunana a takarda ya ɗora a kai. Lambar asusun da ya ba ni wannan karon da sunan mace take, ya ce ta matarshi ce, nashi ya cika iyakar abin da zai karɓa a rana. Mu nan a kasuwa kullum ana yin haka, ni kaina an sha tura mani kuɗin wani. Mutumin da ya cika alkawari a baya, ya mayar da N3,000, a kan me zan tsaya ina tuhumar sunan matarshi?

Ya ce ya ba direban motar Katsina, ya turo lamba. Direban ya kira ni da kanshi, murya ta babban mutum, ana jin hayaniyar tasha a bayanshi, ya ce kuɗin saƙo N4,500 sai an biya kafin ya tashi. Na ma manta da wannan a lissafi. To ku gyara, ba N157,500 ba ne, N162,000 ne. N47,000, da N18,000, da N92,500, da N4,500 na direban ƙarya. Na rufe shago na tafi tasha na zauna a benci, duk motar Kano da ta shigo sai na miƙe. Direban ya ce sun wuce Bichi, can ya ce suna Kankiya taya ta fashe, daga nan waya a kashe. 'Yan kamasho suka duba lambar suka ce ba su san mai ita ba. Har aka yi magariba ina wurin.

A daren na dawo gida na kunna gem don in huce, ina tsakiyar yaƙi allo ya fitar da ni, wai an shiga akawun ɗin a wata na'urar. Na sa kalmar sirri, ta ƙi. Kwaɗo ya dawo. Na duba WhatsApp, hotonshi ya ɓace, ya yi bulokin ɗina. Abin da ban lissafa da shi ba ke nan a lokacin da yake ce mani kada in taɓa kalmar sirri: mai riƙe da imel ɗin asali shi ne mai akawun. Yana iya shiga shafin Sony, kamfanin da ke yin PlayStation, ya cire duk na'urorin da ke kai a lokaci guda, sau ɗaya a wata 6, ya canza kalmar sirri ya sayar wa wani. Kamar wanda ya sayar maka da ɗaki ne ya riƙe mabuɗin. Kuma ba ka da bakin kai ƙara wurin kamfanin, don dokarsu ta hana sayar da akawun tun farko.

Da na yi magana a guruf, wani ɗan'uwa daga Daura ya biyo ni ta bayan fage. Akawun ɗaya, imel ɗaya, shi ne wanda ya shiga ya fitar da ni a daren nan, bai san da ni ba. Na tambaye shi abu ɗaya kawai: ya mayar maka da canji? Ya yi shiru, can ya turo mani hoton alat. Shi N2,000 aka mayar mashi. Har saƙon muryar iri ɗaya ne, "amana ta fi kuɗi", sai dai shi "Alhaji" aka kira shi. Shagon da ya nuna mana a bidiyo ma, wani a guruf ɗin ya ce ya gane wurin, kuma mai shagon dattijo ne, ba shi da yaro mai wannan kama. Wataƙila shiga ya yi kamar mai saye ya tsaya ya yi kiran.

Na kai koke banki, sun karɓa sun ce in kawo takardar 'yan sanda, ina kan wannan yanzu. Hotunan hirarmu, rasit ɗin kuɗin duka, saƙon muryar da bidiyon kwalin, duk zan ɗora su a ƙasan wannan rubutu da zarar na rufe lambobin asusuna. Wanda ke ganin ƙirƙira na yi ya jira.

Kada ku sayi akawun ɗin da ba a ba ku imel ɗinsa na asali ba. Ku sayi faifai, ko ku loda kati a akawun ɗinku. Kaya kuma sai a hannu.

Ni dai N162,000 ban yafe ba, ko sisin kwabo. Kuma idan kana karanta wannan da sabuwar lambarka, don na san kana cikin guruf ɗin nan, ka sani mu biyu ne yanzu da ɗan'uwan nan na Daura, kuma tun da safe wani daga Funtuwa ya turo mani saƙo yana tambaya ko yaron fari ne siriri. Duk wanda aka taɓa mayar wa canji da sunan amana ya yi mani magana yau, ranar Litinin za mu kai takardun gaba ɗaya.