Karatun dare ko na asuba: wanne ya fi wa ɗan JSS?

Ɗalibin da ke tashi daga boko ƙarfe biyu, ya wuce Islamiyya har wajen shida, lokaci biyu ya rage masa na bita: bayan Isha'i ko bayan Asuba.

Na dare ya fi tsawo. Daga takwas da rabi zuwa tara da rabi awa guda ce cur, kuma darasin ranar bai huce a ka ba, don haka nan ne gurbin aikin gida. Cikas ɗinsa gajiya, ɗauke wuta da waya. Yaro kan zura wa shafi ido yana gyangyaɗi, a ganinsa karatu yake. In ya zarce goma kuma, barci ya tauye, alhali mai shekara 13 zuwa 18 na buƙatar awa 8 zuwa 10.

Na asuba gajere ne, minti 30 zuwa 40 kafin shara da ɗiban ruwa su cinye shi. Amma gida shiru, kai a sake. Ya dace da lissafi da hadda: a rufe littafi, a rubuta abin da aka tuna, a buɗe a gyara. Wanda ya kai sha ɗaya bai kwanta ba dai, asubarsa ta tashi a banza, balle da hunturu.

Ga mai shirin BECE, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, a JSS 3, mun fi son a raba: da dare zama biyu na minti 25, hutun minti 5 a tsakani, darasi mai wuya kuma a bar wa asuba.