Cocin Andahuaylillas a Peru: ya cancanci kuɗin tikiti, amma a zaɓi lokaci

Andahuaylillas ƙaramin gari ne a tsaunukan Andes, kimanin kilomita 40 kudu maso gabashin Kusko, a kan hanyar Puno. Motocin haya masu zuwa Urcos suna sauke fasinja a bakin titi, sai a ɗan taka zuwa dandalin garin, inda manyan itatuwan pisonay masu jan fure suke ba da inuwa. Garin yana sama da mita 3,000, don haka wanda bai saba da tudu ba ya yi tafiya a hankali, ya riƙa shan ruwa.

Daga waje cocin San Pedro ba ya ɗaukar ido: bangon tubalin ƙasa ne mai kauri. Ciki kuwa wani abu ne daban. An lulluɓe rufin da fenti da ruwan zinariya a salon da Sifaniyawa suka gada daga magina Musulmin Andalus. A bangon ƙofar shiga akwai zanen Luis de Riaño na shekarun 1620: hanyar wuta mai faɗi, shimfiɗe da furanni, ta aljanna kuma siririya, cike da ƙaya. Mutane da yawa suna wucewa ba su gan shi ba, saboda yana bayansu idan sun shigo. A juya a duba. Ƙofar ɗakin baftisma ma ta cancanci tsayawa, don an rubuta kalmomin baftisma da harsuna 5, har da Kecuwa, Aimara da Pukina, wanda ya riga ya ɓace.

Inda baƙi ke shan wahala shi ne tikiti. Babban tikitin yawon buɗe ido na Kusko bai haɗa da nan ba. Ana sayen na Hanyar Baroko ta Andes (baroko tsohon salon gini ne mai yawan ado), wanda ya haɗa wannan cocin da cocin Huaro da ƙaramin cocin Canincunca, duka kusa, da cocin La Compañía a Kusko. Wanda ya zo da mota ya dace ya haɗa Andahuaylillas, Huaro da Canincunca a yini ɗaya.

An hana ɗaukar hoto a ciki, kuma ana sa ido sosai. Da safe manyan motocin masu yawon Kusko zuwa Puno sukan tsaya, cocin ya cika, jagorori suna magana a lokaci guda. Zuwa bayan sun wuce ya fi.