Forex ɗin Masu Allon Talla: Ya Dace da Ƙera Ƙaramar Homa?

Duk wanda ya tashi a Katsina ko Daura ya san motar kara da motar gwangwani, da tayar da ake yanka daga tsohon silifas. Masu ƙera ƙananan bas bisa ma'auni gadon wannan suka ɗauka, sai dai su da rula suke aiki, kuma babbar matsalarsu a nan ita ce abin da za su yi bodi da shi. Ƙananan bas na ƙarfe da kamfanonin Corgi da EFE da Oxford Diecast ke yi a ma'aunin 1:76, wato an rage girman motar sau 76, suna da kyau ƙwarai, amma galibinsu motocin Ingila ne, ba irin wadda ke lodi a tasha zuwa Daura ko Funtua ba. Fallayen robar Evergreen da maƙeran Turai da Amurka ke amfani da su kuwa sai an yi oda, ga kuɗin dako. Abin da ke kusa da hannu shi ne forex.

Ba forex na cinikin kuɗi ake nufi ba. Farin falle ne na robar PVC mai ƙananan ƙofofin iska a ciki, wanda masu buga bana da allon talla ke manna hoto a kai. Cikakken falle yana da faɗin santimita 122 da tsawon 244, kuma wanda aka fi gani shi ne mai kaurin milimita 2, 3 da 5. Kada ka sayi cikakke. Je shagon masu talla a Katsina, ko a titin IBB ko wajen Ƙofar Ƙaura, ka nemi ragowar yanka. Girman takardar A4 na mai milimita 2, rabin haka na mai 3, da wani A4 na mai 5 sun isa bas guda har da na gyaran kuskure.

Ba duk forex ne ɗaya ba, kuma a nan ake fara asara. Danna farce a fuskarsa. Idan ya lotsa kamar burodi, bar shi. Dubi bakin da aka yanka: ƙofofin su kasance ƙanana kamar garin tuwo, ba manya kamar soso ba. Wanda ya daɗe a rana ya koma ruwan ɗorawa yakan tsage a ƙarƙashin wuƙa. Akwai kuma wani allo mai soso a tsakiya da takarda a fuska biyu, wasu shagunan na haɗa su a suna ɗaya. Wannan ba ya karɓar sanfefa, fenti kuma cinye shi yake yi. Idan akwai ragowar sitika a jiki, ɗan kalanzir na cire gam ɗin, amma sai a wanke da sabulu bayan nan, in ba haka ba fenti ba zai zauna ba.

Motar da ta fi dacewa a gwada shi da ita ita ce Toyota Hiace mai dogon bodi da dogon rufi, wadda kowa ke kira Homa, samfurin da ya fara fitowa a 2004. Tsawonta milimita 5,380, faɗi 1,880, tsayi 2,285, tsakanin tayar gaba da ta baya 3,110. A ma'aunin 1:32 ana raba kowanne da 32, sai a samu tsawo 168, faɗi 59, tsayi 71, tsakanin tayoyi 97. Tayarta mai lamba 195R15 tana fitowa kusan milimita 22. Wannan ma'aunin shi ne daidai da forex. A 1:76 motar ba ta wuce milimita 71 ba, kuma kaurin milimita 2 a wurin daidai yake da bango mai santimita 15, motar sai ta fito kamar an gina ta da bulo.

Wajen yanka forex ba shi da na biyu. Wuƙar kata da sabuwar reza da rular ƙarfe sun wadatar. Kada ka nemi raba shi a ja ɗaya: ja uku ko huɗu a hankali, wuƙar a miƙe. Mai danna wuƙa da ƙarfi bakin yankansa karkacewa yake yi, kuma gefen da ya karkace ba ya haɗuwa da bene, wato ƙasan motar, sai da rata. Gefuna biyu daga mai milimita 2, tsayinsu kamar 55 tunda bodi ba ya taɓa ƙasa, kuma kaurin rufi zai ci milimita goma. Bene daga mai 3, faɗinsa 55, ba 59 ba, domin kaurin gefuna biyu zai cike sauran huɗun. Mutane da yawa na manta wannan lissafin sai motar ta fito da ƙiba. Haɗa gefuna biyun da tef ka yanka ramin taya a tare don su zo daidai, sannan ka naɗa sanfefa a guntun bututun wayarin mai milimita 20 ka buɗa ramin har ya kai 25.

Inda forex ya fi kwali da langa-langa nesa ba kusa ba shi ne wajen sassaƙa. Homa ba akwati ba ce. Rufinta a gantsare yake, hancinta gajere ne mai gangara, kuma jikinta na ɗan tsukewa daga layin taga zuwa sama. Manna mai milimita 5 biyu su zama rufi, ka sassaƙe gefen da wuƙa kamar ana feraye rogo, ka bi da sanfefa mai lamba 120, sannan 240, sannan 400. Hanci ma haka: jera guntaye, manna, sassaƙa. Garin da ke fita fari ne mai laushi yana bin iska, don haka a yi a waje da takunkumi. Tsukewar gefe kuwa ruwan zafi ke yin ta. Tsoma fallen a ruwan da ya tafasa aka sauke, ƙasa da minti ɗaya, ka lanƙwasa shi a jikin kwalba, ka tsoma a ruwan sanyi. Kada a kusanta shi da wuta ko ƙarfe mai zafi, kada kuma a ba masu injin yanka na lesa. PVC in ya ƙone hayaƙinsa na da asid mai illa ga huhu, har injin ma yana cin sa.

Aibinsa na farko yana wajen sandunan da ke tsakanin tagogi. A 1:32 ba su wuce milimita 3 zuwa 4 ba, kuma forex mai wannan sirantar karyewa yake yi da ɗan matsi. Maganin shi ne ka yanka tagogi tun fallen yana babba kafin ka fitar da siffar gefen, ka fara huda kusurwoyi huɗu, sannan ka shafa wa kowace sanda supa gulu daga ciki ta yi tauri. Wanda ke son aiki mai tsafta sosai ya yanka layin taga gaba ɗaya a buɗe, ya yi sandunan da tsohon katin roba irin na banki, wanda shi ma PVC ne amma marar iska.

Batun gam yana buƙatar a tsaya a kai. Gam ɗin Tamiya da ake yabo a bidiyon maƙera an yi shi ne don wata roba daban. A kan forex ba ya riƙe komai, kada ka ɓata kuɗinka. Supa gulu ke kama shi, kuma kamun nan take ne, babu damar gyara. Saboda haka a fara ɗaure sassan da tef, a tabbatar da kusurwa, sannan a ɗiga gam daga ciki ya bi layin da kansa. Gam ɗin famfo na masu haɗa bututu shi ma yana yi, yana ba da 'yan daƙiƙu na gyara, amma in ya yi yawa narkar da fallen yake yi ya bar kwarmi a fuska bayan kwana ɗaya ko biyu. Gam ɗin kyandir na bindiga bai dace ba ko kaɗan: yana da kauri, kuma zafin bazara na sassauta shi.

Wasu na cike rata da supa gulu da hodar soda. Yana daskarewa nan da nan, amma ya fi forex tauri sosai, sai sanfefa ta cinye gefe da gefe ta bar tudu a tsakiya. Filar fanelbita ta fi, 'yar kaɗan a bakin reza.

Aibi na biyu shi ne bakin da aka yanka da duk inda aka sassaƙa. Ƙofofin iskan nan a buɗe suke, suna shan fenti, sai rufi ya fito kamar fuskar ƙosai alhali gefe na sheƙi. Dole a toshe su da siririn shafi na fila ko supa gulu, a goge da 400, a fesa fenti na ƙasa ruwan toka, a duba a hasken rana, a sake gogewa da 800. Fentin gwangwani na feshi yana zama lafiya in an yi shi shafi uku marasa kauri daga nisan santimita 25 zuwa 30, da hutun minti goma sha biyar tsakani. Da tsakar rana a watan Afrilu fentin na bushewa tun a iska ya sauka kamar yashi, don haka a yi da sassafe. A hunturu kuma forex na jan ƙura kamar mayen ƙarfe. Goge shi da ɗan tsumma mai laima, ka fesa, ka kifa kwali a kai nan take.

Gilas ba aikin forex ba ne, amma a nan ne motoci da yawa ke lalacewa a ranar ƙarshe. Tsohon hoton ƙashi na asibiti, in an wanke baƙin da ruwan bilic a waje da safar hannu, yana barin roba mai shuɗi-shuɗi da ta yi kama da gilashin mota. Supa gulu kada ya kusance ta, tururinsa na barin farin hazo da ba ya gogewa. Yanka ta ta fi tagar girma da milimita 3 ta kowane gefe, ka riƙe ta daga ciki da tef mai gam fuska biyu ko siririyar sandar forex da aka manna tun farko. Sifok ɗin keke, mai kaurin milimita 2, yana yin sandar taya, tayoyin kuma a cire daga motar wasan yara bayan an auna su da rula a gaban mai kaya.

A ganina, ga mai ƙera bas a 1:32 ko 1:24, babu abin da ake samu a garin nan da ya kai forex, muddin an san bodi da rufi da hanci ne aikinsa, ba madubi da sandunan taga da shara-sharan gaba ba. Sauran abin kiyayewa shi ne zafi. Forex yana fara laushi tun wajen digiri 60, kuma cikin motar gaske da aka rufe a rana ko bakin taga ƙarƙashin kwano na iya kaiwa nan, musamman in fentin mai duhu ne. Kafin a rufe rufi a sa haƙarƙari uku na mai milimita 3 a ciki, ɗaya bayan kujerar direba, ɗaya a tsakiya, ɗaya a saman tayar baya, kuma in za a kai wa wani a Daura a sa ta a kwali a ƙarƙashin kujera, ba a gaban gilas ba.