Gargaɗi ga masu tayar da tsofaffin motoci: yadda aka sayar mini da giyabos cike da yashi

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan bayani, domin babu wanda yake jin daɗin fitowa fili ya ce an yi masa wayo, balle mutumin da yake ganin ya san mota. Abin da ya sa na ajiye kunya shi ne, a makon jiya na sake cin karo da hoton da aka yaudare ni da shi, an ɗora shi a wani sabon shafi mai sabon suna, kuma har mutane sun fara tambayar farashi a ƙarƙashinsa. Ba zan ambaci sunan mutumin ba, domin na tabbata sunan da ya ba ni ma ba nasa ba ne, kuma zai iya sauya shi gobe. Salon aikinsa ne ba ya sauyawa, shi kuwa zan bayyana shi dalla-dalla.

Motar da nake gyarawa Land Rover ce Series III a-kori-kura, doguwar nan da ake kira 109, wadda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya saya a 1981 yana ɗaukar taki da amfanin gona da ita. Kamfanin ya ƙera wannan samfuri daga 1971 zuwa 1985, kuma a wancan zamani masana'antar Leyland da ke Ibadan tana haɗa su a nan gida, shi ya sa suka cika ma'aikatun gwamnati da gandun daji da asibitocin karkara. Tamu ta shekara fiye da ashirin a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, kaji suna ƙwai a bayanta. Jikinta bai lalace ba saboda na alminiyam ne, tsatsa ba ta cinsa, amma shasin ƙarfe ne, sai da mai walda ya yi mako biyu a kansa. Injin, mai silinda huɗu da lita 2.25, ya tashi bayan mun sauya ringi da gaskit, muka wanke kafireto, muka kai lagireto aka toshe inda yake yoyo. Duk wannan a tsakar gida muka yi shi, ranakun Asabar da Lahadi, ni da wani dattijon bakanike da ya yi ƙuruciyarsa a garejin ma'aikatar ayyuka, wanda nake kira Baba.

Giyabos ne ya tsayar da mu. Da muka buɗe shi muka tarar haƙoran giya sun zube a ƙasan mai, ƙaramin shaf ɗin ciki kuma ya tsage. Wanda ya san motar ya san giyabos ɗinta ba shi kaɗai yake ba: a bayansa akwai akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya, wanda ke da sanda mai jan kai ta giyar ƙarfi da kuma mai rawayan kai da ake dannawa idan ana son ƙafa huɗu su ja, sannan gangar birkin hannu ma a jikinsa take. Na zagaya Ƙofar Ruwa a Kano, na je Panteka a Kaduna, na sa an duba mini a Ladipo ta Legas. 'Yan kasuwar sun faɗa mini gaskiya, cewa kayan wannan mota sun yi wuya, akasarin gawarwakinta 'yan jari-bola sun riga sun yanka sun auna a kilo saboda alminiyam ɗin. A wannan hali na matsuwa ne na rubuta cigiya a wani zauren masu sha'awar tsofaffin motoci a Facebook, kuma da wannan cigiyar na miƙa wa macuci abin da yake nema, wato mutumin da ya gaji da nema kuma ya faɗi ainihin abin da yake so.

Washegari ya tuntuɓe ni ta WhatsApp. Bai yi gaggawa ba, kuma wannan ne ya fi komai cin ni. Ya gaishe ni da ladabi, yana ta "ranka ya daɗe" da "Alhaji", ya tambayi shekarar motar, ya yi wa mahaifina addu'a da na ce tasa ce. Ya ce yana da giyabos amma bai ba ni shawarar in saya nan take ba, gara in fara gwada shi da ƙaramin abu in ga alƙawarinsa. Na sayi robobin birki da ƙaramin famfon kuloci na naira 38,000. Bayan kwana huɗu suka iso tasha, sababbi, kuma suka shiga daidai. Daga baya na fahimci wannan shi ne jarinsa: ƙananan kayan Land Rover har yanzu ana ƙera su sababbi kuma ana samun su, don haka ya saya a wani wuri ya turo mini, ya sayi amincewata da arha.

Da muka zo kan giyabos ya yanka naira 780,000, ya ce daga wata motar ma'aikata aka cire shi, haɗin Ibadan, wadda aka yi gwanjonta ba ta yi tafiya mai yawa ba. Ya turo hotuna shida da ɗan gajeren bidiyo na hannu yana juya shaf. Na nemi mu yi kiran bidiyo kai tsaye, ya ce sito ɗin yana wani lungu da babu sabis. Na nemi adireshin shagon domin in tura wani ɗan'uwa, ya ce maraba, amma shi yana kan hanyar Kwatano sai mako mai zuwa, ga kuma wani mai saye daga kudu da ya riga ya taya, sai dai ya fi so ya sayar wa ɗan'uwansa. Na tura rabin kuɗin kafin alƙalami. Bayan kwana biyu ya turo hoton akwatin katako a bayan wata doguwar mota, ya haɗa ni da direba muka yi magana, ya ce in cika sauran tunda kaya sun hau hanya. Na cika.

Lambar asusun da na tura cikon ba ita ce ta farko ba, kuma sunan da ya fito daban ne. Na tambaya, ya ce na ƙaninsa ne, nasa ya kai iyakar abin da zai iya karɓa a rana. Asusu uku na tura wa kuɗi a wannan ciniki, da sunaye uku, babu ko ɗaya da ya yi daidai da sunan shafin. Na ga wannan da idona na wuce.

Akwatin ya iso, kuma a nan ne salon wannan mutum ya bambanta da na 'yan damfarar da muka saba ji, waɗanda ke karɓar kuɗi su yi layar zana. Direban ba shi da laifi, kaya aka ba shi a tasha aka biya shi kuɗin ɗauka, bai san abin da ke ciki ba. Sai da majiya ƙarfi biyu suka sauke shi, nauyin ya ƙara kwantar mini da hankali, na sallami ɗan kamasho na ɗauko a Keke Napep. A gida Baba ya ɓalle katakon, muka ga giyabos an wanke shi tas, an fesa masa fenti ruwan azurfa har kan notuna. Baba bai ce komai ba. Ya kama wurin da farfela ke ɗaurawa ya murɗa, bai motsa ba. Ya kankare fentin da sukundireba sai ga ɗigon walda, an liƙe shi ne kawai don kada ya faɗo. Ya kwance notin zubar da mai ya tara tafin hannunsa, maimakon man giya sai yashi ya fara zubowa, baƙi, an cakuɗa shi da tsohon baƙin mai. Da muka buɗe murfin sama muka tarar babu giya ko ɗaya a ciki, sai guntayen rodi da tsofaffin kusoshi da aka cusa don su ba shi nauyi. Baba ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Ɗana, ko da cikinsa lafiya lau yake, wannan ba na motarka ba ne. Na Series IIA ne, dubi inda kuloci yake kamawa."

Wannan magana ta Baba ita ce abin da nake so masu irin wannan aiki su riƙe, domin ƙarfen da kansa yana tona asirin maƙaryaci idan an san abin da za a tambaya. Giyabos ɗin Series IIA, wato samfurin da ya gabaci tamu, da na Series III suna kama da juna daga nesa, amma tsarin sakin kulocinsu daban ne, kuma na IIA ba ya da abin daidaita shigar giya ta ɗaya da ta biyu, shi ya sa tsofaffin direbobi suke taka kuloci sau biyu. Kowane giyabos yana da lamba da aka buga a jikinsa, da harafi a ƙarshenta wanda ke nuna zubin da aka yi shi, kuma kayan cikin zubi ɗaya ba dole ne su shiga wani ba. Mai kaya na gaskiya yana iya goge wurin ya ɗauki hoton lambar cikin minti biyu. Ban taɓa tambayarsa lambar ba. Da na koma kan hotunan da ya turo na duba su da idon wanda ya riga ya yi asara, sai na ga a bayan giyabos ɗin akwai motar da ya ce daga ita aka cire shi, sitiyarinta a hannun dama. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, kuma daga lokacin motocinmu sitiyarinsu a hagu yake, don haka motar da aka haɗa a Ibadan shekaru bayan haka don ma'aikatar gwamnati ba za ta zo da sitiyari a dama ba. Ga kuma ciyawa shar da katangar jan bulo irin ta Ingila. Ɗana ya sa hoton a manhajar binciken hotuna ta Google, cikin daƙiƙu ya fito a wani tsohon tallan sayar da kaya na Birtaniya.

Na kira shi. Ya yi salati, ya rantse, ya ce yaron shagonsa ne ya yi kuskure ya ɗora akwatin da za a kai wa 'yan gwangwan, nawa yana nan a ajiye. Ya ce in tura naira 60,000 kuɗin mota a turo mini na ainihi, in ya so daga baya in mayar da wancan. Da na ce sai dai ya turo in biya idan na gani, sai muryarsa ta sauya, ya ce ina zarginsa da sata bayan duk mutuncin da ya yi mini. Da yamma ya toshe lambata. Bayan kwana uku wani ya rubuto mini, wai ya ga abin da ya same ni, yana da hanya a wata hukuma, zai dawo mini da kuɗina idan na ba shi naira 50,000 na buɗe fayil. Ban faɗa wa kowa a intanet abin da ya faru ba a lokacin, saboda haka babu inda zai samu labarin da lambata sai daga wurin wanda ya cuce ni.

Kuskuren da na ƙara a kan na farko shi ne jinkiri. Na yi kwana biyar ina lallashi da barazana kafin in je banki, alhali irin wannan kuɗi ba ya kwana a asusun da ya shiga, ana rarraba shi ne ko a cire shi a wurin masu POS. Wanda abin ya same shi ya sanar da bankinsa a rubuce a ranar, da rasit ɗin kowace turawa, ya kai rahoto ga 'yan sanda, ya kuma shigar da ƙorafi a EFCC, kada ya goge saƙo ko ɗaya ko muryar da aka turo masa. Tun 2014 da aka fito da BVN kowane asusu yana da mai shi da za a iya ganowa, kuma dokar hana zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga mai karɓar dukiya da yaudara. Sai dai sau da yawa sunan da ke kan asusun na wani talaka ne da ya ba da aron asusunsa don 'yan kuɗi kaɗan. Wannan ma gargaɗi ne ga matasanmu, domin ranar da aka zo kamu, mai asusun za a fara ɗauka.

Ba ina cewa kada a sayi kayan mota daga nesa ba. Mai gyaran motar da aka daina ƙerawa shekara arba'in da suka wuce ba shi da zaɓi, kuma akwai 'yan kasuwa masu amana da yawa da suke turo kaya daga Legas da Nnewi kullum ba a jin kansu. Amma ba a cinikin biri a sama. Babban abu kamar inji ko giyabos ko aksul, a sa wanda aka sani a garin ya je ya taɓa shi da hannunsa, ya kwance notin mai, ya shigar da kowace giya yana juya shaf, ko da za a biya shi ladan wuni guda. Idan hakan ya gagara, a nemi kiran bidiyo kai tsaye, a sa mai kayan ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ɗora a kan ƙarfen, ya nuna lambar jikinsa. A yi yarjejeniya cewa ciko sai an buɗe akwati a tasha a gaban direba da bakanike. Sabon fenti a kan tsohon giyabos abin tambaya ne, domin ƙwaryarsa ta alminiyam ce, ba ta bukatar fenti sai idan akwai tsaga ko walda da ake son rufewa. Mutumin da ya ƙi waɗannan sharuɗɗa duka, yana kawo uzurin sabis da tafiya da wani mai saye da ke jira, a bar masa kayansa.

Ƙorafina yana gaban hukuma, ban karɓi ko sisi ba tukuna. Ƙwaryar giyabos ɗin tana nan a zaure na ajiye ta a matsayin shaida, da yashin a cikin bokitin fenti. Motar kuma tana kan duwatsu huɗu a tsakar gida. Baba ya samu labarin wata gawar 109 a bayan wani tsohon gidan gona a hanyar Birnin Gwari, kuma ya ce wannan karon da sifanarsa za mu tafi, shi zai kwance giyabos ɗin da kansa kafin a yi maganar kuɗi.